Babur Marar Takarda: Amsa Ga Wanda Aka Sace Wa Yayansa Boxer

Wani matashi daga cikin birnin Kano ya aiko da wannan tambaya: "An sace wa yayana babur ɗinsa Boxer a ƙofar masallaci ana sallar isha'i, wata huɗu da sayensa, ko bashin kuɗin bai gama biya ba. Shi ne na uku a layinmu bana. Ga kuma yara masu tseren babur da daddare, ba lamba ba fitila, har sun buge wata tsohuwa. Samarin unguwa sun ce a hana shigowa da babur bayan ƙarfe tara, wanda aka kama kuma ya sha duka. Kai da ka daɗe a harkar babura, me ka gani?"

Ƙanena, ina yi wa yayanka jaje, Allah Ya mayar masa da mafi alheri. Ita kuma baiwar Allah da aka buge, Allah Ya tashi kafaɗarta.

Na fara da kanikanci tun babur Jincheng na tashe, na yi acaba, daga baya na zauna a saye da sayarwa. Abin da shekarun nan suka nuna mini shi ne, matsalolin da ka lissafa guda biyu uwarsu ɗaya. Babur ɗin da yaro yake ɗaga wa ƙafar gaba a layinku da wanda aka ɗauke a ƙofar masallaci, abu guda ne ya ba su dama: a garin nan babur yana iya rayuwa daga ranar da aka fasa kwalinsa har ranar da ya zama gwangwan ba tare da an rubuta sunan mai shi a ko'ina ba. Mota ba ta samun wannan gatan. Babur kuwa mun mayar da shi kamar akuya, a yi ciniki a tsaye, a tafa, a miƙa ki, kowa ya kama gabansa.

Bari in fara da inda babur ɗin yayanka ya nufa, don a nan ne mutane suke yin kuskure. Wanda ya ɗauke shi ba hawa zai yi ba. Yawanci ma shi ne ƙaramin mai cin riba a cikin lamarin. Ba su cika zuwa su kaɗai ba, ɗaya yana gadi ɗaya yana aiki, kuma makullin wuyan da kamfani ya sa, wanda mutanenmu suka dogara da shi kamar ƙofar ƙarfe, ba ya tsayar da wanda ya san hannu ko na minti guda. Suna son lokacin salla, musamman asuba da isha'i da Juma'a, saboda sun san tsawon lokacin da liman zai ɗauka, sun kuma san babu mai waiwaye. Haka bakin asibiti, bakin banki, gidan biki da gidan makoki.

Daga nan hanya ta rabu. Wani babur ɗin a daren za a kwance shi, inji gefe, tanki gefe, ƙafafu gefe, da safe ya watsu a hannun masu tsofaffin kayan gyara, wanda ko mai shi ya taka tankinsa ba zai gane ba. Wani a goge masa lamba a sake buga wata, a canza masa leda da murfin gefe, a tura shi ƙauye ko a tsallaka iyaka da shi. Wani kuma, kuma wannan ne ya sa Boxer da Honda suka fi shiga ido, daji yake shiga. Babur ne da yake ɗaukar mutum uku da kaya a kan yashi da burji bai koka ba, kayan gyaransa kuma ko a wane ƙauye akwai. Abin da ya sa manomi yake sonsa shi ne ya sa ɗan bindiga yake sonsa. Ka tuna a 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar matakan tsaro a Katsina, a cikin abubuwan da ta hana har da goyon mutum uku a babur da sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanci. Gwamnati ba ta rufe cinikin kwancen babur don nishaɗi ba, ta gane ta inda ruwa yake shiga gida ne.

To duk hanyoyin nan a wurin mutum ɗaya suke haɗuwa, wato ɓarawon zaune. In babu mai karɓa, babu mai ɗauka. Kuma kada ka ɗauka ɓarawon zaune wani mugu ne mai jan ido a lungu. Sau da yawa mutumin kirki ne da aka kawo wa babur ɗin da ya kai dubu ɗari takwas a kan dubu ɗari uku, aka ce masa takardun sun jiƙe a ruwan sama, ya ji a ransa akwai magana, amma ya ce ai rabo ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, sabon Boxer ya haura miliyan ɗaya, masu neman na hannu suka yi yawa, kasuwar ɓarawo ta buɗe. A tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa, hukuncin sata zalla ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ne, amma na wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zargi, yana iya kai 14. Waɗanda suka tsara dokar sun san wa ya fi ɓarna. A shari'ar Musulunci ma, in mai kaya ya ga kayansa a hannunka ya kawo shaida, karɓe abinsa zai yi, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. In ka san inda yake.

Yanzu ga abin da yayanka zai yi, kuma da sauri, don kwana ɗaya a wannan harka yana da yawa. Ya nemo lambar shasi da lambar inji. Ta shasi a wuyan babur ake buga ta, ƙasan kan, haruffa da lambobi 17 ne, na Bajaj, kamfanin da yake yin Boxer, da MD2 suke farawa, na TVS da MD6, 'yan China kuma da L. Ta inji tana jikin injin daga ƙasa. Suna cikin rasit, in kuma rasit ɗin yana cikin akwatin babur ɗin, kamar yadda rabin mutanen garin nan suke yi, ya koma shagon da ya saya, dila na gaske yana da littafi. Tun da bashi ne ma, wanda ya ba shi yana riƙe da kwafi. Da waɗannan lambobi zai je caji ofis ɗin yankinku, ya tabbata an shigar da maganar a rubuce, ya karɓi takardar shaidar rahoto. Na san abin da za ka ce, ni ma na sha zaman benci a can. Amma takardar tana da amfani biyu. In aka kama babur ɗin a wani samame bayan wata shida, da ita zai karɓa. In kuma aka yi fashi ko kisa da shi aka yar, ita ce za ta raba shi da kwanan sel. Na ga wanda wannan takarda ta cece shi, na ga wanda rashinta ya sa ya sayar da fili.

Bayan 'yan sanda, lambobin su zaga: shugabannin 'yan kasuwar babura, ƙungiyar kanikawa, 'yan ƙungiyar masu haya, 'yan sintirin unguwannin da ke kewaye da ku, da zaurukan WhatsApp na dillalai, har na garuruwan da ke kan hanyoyin fita. Hoto kaɗai ba ya aiki, Boxer ja dubu nawa ne a Kano? Lamba ce magana, sai kuma wata alama da mai shi kaɗai ya sani, walda a ƙarƙashin mataki ko tsaga a jikin fitila.

Abu biyu kuma ya kiyaye. Za a sami wanda zai zo ya ce ya san yaran, a kawo dubu ɗari a dawo da babur. Wani lokacin yana dawowa, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ranar da kuka biya kun zama kwastomomi, layinku ya shiga lissafi. Na biyu masu duba. An taɓa kawo mini wani da malamin duba ya ce masa babur ɗinsa yana gabas a gidan mai baƙar ƙofa, ya je ya yi wa maƙwabcinsa ƙazafi, zumuncin shekara ashirin ya mutu, babur kuma daga baya a yamma aka gan shi.

Sai maganar hanawa, wadda samarinku suke so. Mu a Kano ba labari aka ba mu ba. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaba cikin 'yan kwanaki. Kafin mu Abuja ta hana a tsakiyar birni a 2006 zamanin Nasiru El-Rufa'i yana minista, Maiduguri ta hana a 2011. Legas ta bi a matakai har zuwa Yunin 2022 da ta hana gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, tana murƙushe waɗanda ta kama, kuma da yawan masu baburan nan 'yan'uwanmu ne da suka tafi ci-rani. A Nijar ma an hana hawa babur a Diffa a 2015, aka yi haka a sassan Tillaberi a 2020, 'yan kabu-kabu suka rasa abin yi. Ban ce duk waɗannan ba su da dalili ba. A 2013 harbi ake yi daga kan babur a gudu, kuma hanin ya rage wannan, gaskiya ce. Amma sata fa? Ba ta tsaya ba. 'Yan acaba suka koma Adaidaita Sahu, ɓarayi suka bi su can, har a 2022 gwamnatin Ganduje ta hana Adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare. Hani yana kama mai bin doka ne, shi da yake tsoron kunya. Wanda ya fito sata da ma bai nemi izinin kowa ba.

Ka duba layinku da kyau. Wa yake shigowa da babur bayan ƙarfe tara? Mai shayi, ma'aikacin asibiti da ya tashi aiki, ɗan kasuwar da ya rufe shago, magidancin da ya je sayo wa ɗansa magani. Su za ku tare. Gwamna da yake da 'yan sanda da Karota masu kula da zirga-zirgar hanya da kotun tafi-da-gidanka bai iya rufe ƙofar nan ruf ba, balle samari goma da gora.

Duka kuwa, ina roƙonka da girman Allah ka cire shi daga lissafi. Ihun ɓarawo ba shi da birki. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro da aka fasa wa kai saboda an gan shi yana tura babur da daddare, ashe na ubansa ne, mai ya ƙare masa. Da ya mutu, waɗanda suka ɗaga hannu kisan kai za a tuhume su da shi, kuma ba za a tambayi babur nawa aka sace a layin ba. Ko ɓarawon gaske ne, in kuka kashe shi kun binne sunan wanda yake karɓa a hannunsa, wanda shi ne kuke nema. A riƙe shi, a kira mai unguwa, a miƙa shi da shaidu, a kuma bi shari'ar. Nan ne muke da rauni, ranar kamu mutum ɗari, ranar zaman kotu ko mai kayan ba ya zuwa, sannan a ce an saki ɓarawo.

Yaran masu tsere kuma, ka ce ba lamba ba fitila. Tambayar da zan yi maka ita ce, 'ya'yan waye? Ka san su, na san ka san su. Ba daga wata duniya suke zuwa ba. Ɗan shekara goma sha huɗu ba shi da kuɗin sayen babur roba-roba, ko uba ne ya saya masa don a ce ɗan wane ne, ko ya ɗauki na yayansa, ko kuma ya karɓi haya na awa a wurin wani bakanike. Doka ta ce sai mai shekara 18 zai riƙe lasisi, kuma babur yana da ajinsa, ajin A, amma nawa ne cikin masu hawa a garin nan suka taɓa ganinsa da ido? Sai a fasa salansa don ƙara, a cire madubi don gayu, a kwance lamba don kada a gane. In an ɗaura aure kuma a fito rakiyar ango ana kwanciya a kan babur ana jan ƙarfe a kwalta yana tartsatsi, manya suna tsaye suna dariya. Wanda yake son ganin ƙarshen wasan ya leƙa Asibitin Ƙashi na Dala, ko gidan masu ɗori da safe.

Dangantakar wannan da sata kai tsaye ce. Yaron da ya saba hawa babur marar lamba, ya saba a gan shi da babur yau ja gobe baƙi ba mai tambaya, ya iya tayar da inji ba da ki ba don burge abokai, rabin horon ya samu. Kuma unguwar da babura marasa lamba suke yawo a cikinta kamar kaji, babur ɗin sata yana shigewa ba a lura ba. Ɓarawo ba duhu yake nema ba kamar yadda yake neman wurin da ba a tambaya.

Mu ma da laifinmu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. A farkon 2009 da hukumar kiyaye haɗura ta tilasta sa hular kwano, a garin nan aka ga masu kifa ƙwarya a ka, abin ya zama abin dariya har a jaridun waje. Ina cikin masu dariyar a lokacin. Yau in na tuna abokan sana'a da suka tafi saboda kai ya bugi kwalta a gudun da bai kai ya kawo ba, dariyar ba ta zuwa.

Abin da na ga ya yi aiki a unguwannin da suka sami sauƙi ba shi da armashi, shi ya sa samari ba sa son sa. Littafi ne. Mai unguwa da limamai da shugaban 'yan sintiri su zauna, a buɗe rijista, duk mai babur a unguwa ya kawo shi a rubuta sunansa da lambar shasi da ta inji da lambar waya. Wanda ya sayi sabo ya zo a ƙara, wanda ya sayar ya zo a goge. Wanda ba shi da lamba a ba shi wa'adi ya je ofishin haraji ya yi, don kuɗin lamba da inshora bai kai ciwon kai na kwana ɗaya a hannun hukuma ba. Ranar da aka fara za ka ga abin mamaki: akwai waɗanda ba za su kawo nasu ba. Ba sai an doke su ba, sun riga sun yi bayani.

Kanikawa da masu kayan gyara na unguwa su shiga ciki. Duk wanda aka kawo wa inji shi kaɗai, ko babur a ce a kwance da daddare, ya tambayi rasit. Mu a layinmu na kasuwa ba ma karɓar na hannu sai da rasit na asali, da katin shaidar mai sayarwa, da hotonsa a tsaye kusa da babur ɗin, da dillalin da zai sa hannu cewa in magana ta taso shi zai kawo mutumin. Dillalin da yake cin la'ada ya ci da alhakinta. Sannan ina shafa wuyan babur da yatsa. Lambar kamfani a jere take, zurfinta ɗaya. In na ji gurzon giranda, ko na ga harafi ɗaya ya karkace, ko sabon fenti a wurin da bai kamata ba, sai in ce Allah Ya kawo kasuwa, in kuma sanar da shugabanmu. An zage ni a kan haka ba sau ɗaya ba.

Masallaci kuma, a ware wuri ɗaya na ajiye babura, a sa mutum biyu su tsaya, su yi tasu sallar bayan an idar, jama'a su riƙa ba su ɗan abin sayen sabulu. A Juma'a a yi kati mai lamba, ɗaya a hannunka ɗaya a jikin babur. Kowa kuma ya sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo na kirki, ya ɗaure ƙafar baya da wani abu da ba ya motsi, don babur ɗin da aka kulle shi kaɗai mutum biyu suna ɗaga shi su jefa a Adaidaita. Bakanike zai iya sa maka ɓoyayyen makunni da yake yanke wuta. Tiraka, na'urar da take nuna inda babur yake, ita ma tana da amfani ga mai hali, in an ɓoye ta da kyau kuma ana sa mata kuɗi, sai dai in ta nuna maka gida kada ka tafi kai kaɗai. Duk waɗannan ba sa hana sata ɗungurungum, ɓata wa ɓarawo lokaci suke yi, shi kuma lokaci ne jarinsa.

Su kuma yaran, gidajensu za a bi, ba bayansu ba. Bin yaro a guje a lungu shi ne yadda ake samun gawa. Dattawa uku su sami uban, su gaya masa an ga ɗansa, an rubuta, in aka sake za a kai babur ɗin caji ofis shi kuma ya je ya yi bayani. Tsohuwar da aka buge, iyayen yaron su biya kuɗin magani har ta warke, a gaban mai unguwa, kowa ya ji. Kada a ce a bar wa Allah don ana jin nauyin uban. Uba ɗaya in ya biya kuɗin asibiti, iyaye goma za su ɓoye ki a aljihu. Masu ba yara haya na awa su ma a kira su. In kuma za ku yi tudun rage gudu a layin, ku nemi izini a yi shi da faɗi a shafa masa fenti, don irin wanda ake tashi da dare a zuba kamar kabari ya fi kayar da mai ɗauke da mara lafiya a kan ɗan tsere, wanda shi tsalle ma yake yi a kai.

Game da Boxer ɗin yayanka, ba zan ɗora maka buri ba, waɗanda ake samu ba su kai waɗanda ake rasawa ba. Amma duk wanda na ga an samu, mai shi yana riƙe da lambar shasinsa ne. Ya je wurin wanda ya ba shi bashin yau ɗin nan, da takardar 'yan sanda a hannu, su zauna a sake tsara biyan kafin maganar ta yi tsami. Lambobin kuma ka turo mini, zan sa a zauren 'yan kasuwarmu kafin magariba.